Muna son mayar da lof ɗakin kwana, maƙwabcinmu na ƙasa ya ƙi ko amsa wasiƙa

Maman_Hanif:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar gidaje a ƙasar nan. Muna zaune a gabashin Landan, a irin tsofaffin gidajen nan na jere da aka raba biyu, mu a sama, wani dattijo Bature a ƙasa. Filat ɗinmu ɗaki biyu ne, yara uku. Babbar ta shiga shekara 11, namijin na bin ta, kun ga lokacin raba musu makwanci ya yi. Mun duba farashin gida mai ɗaki uku a unguwar, abin ya fi ƙarfinmu, kuma ba ma son cire yara daga makarantarsu da islamiyyarsu. Shi ne maigidan ya ce a gyara lof, sararin nan da ke tsakanin silin da rufi, a fitar da ɗaki da banɗaki. Mu kaɗai ke da hanyar shiga wurin, 'yar ƙofarsa a silin ɗinmu take, akwatunanmu ne ma a jibge a ciki.

Gidan lis ne, wato na wasu shekaru aka mallaka mana filat ɗin, saura shekara casa'in da wani abu, amma asalin mallakar ginin, wato firihol, tsakaninmu da dattijon ne, sunansa da na maigidana ke kan takarda. Mun same shi da maganar, ya ce shi ba ya son ƙura da hayaniya, ya tura ƙofarsa. Mun rubuta masa wasiƙa, shiru. Maginin da ya zo ya auna ya ce kada mu damu, maƙwabci ba shi da ikon hana aiki, notis kawai za a ba shi. Da gaske haka ne? Mai zanen gini yana jiran kafin alƙalami ya fara.

Ummi_Croydon:
Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita Maman Hanif. Ina nan ina sauraro, don mu ma maganar da muke yi a gida ke nan.

Alhaji_Luton:
Maginin ya faɗa miki gaskiya. Na yi nawa, maƙwabcina na dama ya yi ta kumfar baki, ƙarshe aka yi aiki yana kallo. Ko izinin kansul, wato ƙaramar hukuma, ban nema ba, don doka ta ba ka damar ƙara har kubik mita 40 a gidan jere, 50 a gidan da ba na jere ba. Ki biya mai zane ku fara, kada sanyi ya shigo rufi yana buɗe.

Barista_Rabi:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma naka daban nata daban. Kai gida guda gare ka, ƙasa da sama duk naka. Sassaucin kubik mita 40 ɗin nan na gidaje ne kawai, filat ba ya ciki. Mai filat sai ya nemi cikakken izinin gini, balle in za a fasa rufi a fito da taga mai akwati, irin wadda ke fitowa tsaye daga jikin rufi.

Maman Hanif, don Allah kada ki biya kowa ko kwabo tukuna. Dattijon nan matsayi biyu gare shi a kanki, kuma maginin ɗaya kawai ya gani. A matsayinsa na maƙwabci, gaskiya ne ba zai iya hana ki ba, sai dai ya jinkirta ki ya kuma sa ki kashe kuɗi. Amma a matsayinsa na wanda kuka yi tarayya a firihol, yana iya cewa a'a, maganar ta tsaya nan. Abin kamar gidan gado ne da ba a raba ba, babu mai sayar da ɗaki sai ɗan'uwansa ya sa hannu.

Abu na farko, ɗauko lis ɗinki. Ki nemi wurin da aka bayyana iyakar abin da aka mallaka miki, yawanci a jadawalin farko yake, da taswirar da aka zagaye da jan layi. Ki duba ko an ambaci rufi da sararin ƙarƙashinsa a cikin naki, ko kuwa an bar su cikin abin da mai firihol ya riƙe. Kasancewar ƙofar lof a silin ɗinki take ba ya mayar da shi naki, haka ajiye akwatuna a ciki. Lis da yawa a silin suke tsayawa. In ba ki da kwafi, ana samu a Land Registry, ofishin rajistar filaye da gidaje, ko wajen lauyan da ya yi muku cinikin gidan.

Bakano_Glasgow:
Ni dai a sanina wanda ke saman bene shi ke da rufin da ke kansa. Haka aka gaya mini lokacin da na sayi nawa.

Barista_Rabi:
Malam, a Sikotland kake. Can dokar gidajen bene ta 2004 ta ce in takardun mallaka ba su faɗi komai ba, rufi na mai filat ɗin sama ne. Kuma ku ba ku da wannan tsarin lis ɗin kamar yadda yake a Ingila da Wales, dokar bangon tarayya ma, wato ta bangon da ke tsakanin maƙwabta, ba ta aiki a wajenku. A nan abin da lis ya ce shi ne magana.

Bakano_Glasgow:
To madalla, na ƙaru.

Kawu_Garba:
Ni abin da ya ɗaure mini kai tun zuwana ƙasar nan ke nan. Mutum ya biya dubban ɗaruruwan fam, a ce masa ba gida ya saya ba, shekaru ya saya. Wannan wane irin ciniki ne?

DanZazzau_Leeds:
Kawu, mu ma a gida kusan haka ne, ba mu cika lura ba ne. Tun dokar amfani da filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, takardar C of O ɗinka yawanci shekara 99 ce, kuma in za ka sayar ko ka jinginar sai da amincewarsa. Bambancin shi ne a gida babu mai zuwa ya ce kada ka ɗora bene a kan ɗakinka saboda wata magana da aka rubuta a takarda shekara arba'in da suka wuce. A nan kuwa za a zo.

Safiyo_Musa:
Bari in yi bayanin abin da maginin yake nufi, don sana'ata ce. Dokar ita ce Party Wall Act ta 1996, wato dokar bangon tarayya. Aikin lof kusan kullum yana buƙatar a huda bangon da ke tsakaninki da gidajen hagu da dama a zaunar da ƙarafan bim, don su za su ɗauki sabon daɓe. Saboda haka ba dattijon kaɗai za ki ba notis ba. Masu gidan hagu, masu gidan dama, kuma in su ma an raba su filat-filat, mai firihol da duk mai lis ɗin da aikin ya shafa kowa da nasa notis. Na ga aikin da aka aika takarda shida.

Ga yadda take tafiya. Ana ba da notis wata 2 kafin fara aiki. Maƙwabci yana da kwana 14 ya amsa. In ya yi shiru, doka ta ɗauka an saɓa. Sai a sake rubuta masa a ba shi kwana 10 ya naɗa safiyonsa. In ya sake yin shiru, ke za ki naɗa masa wani, amma ba wanda ke yi miki aiki ba. Safiyoyin su zauna su fitar da hukunci: yadda za a yi aikin, awannin aiki, wa zai biya in wani abu ya lalace. Kafin nan za su shiga gidan maƙwabcin su ɗauki hoton kowace tsaga da ke bango da silin, don gobe kada a ɗora miki abin da ba ke kika fasa ba, shi ma kada a zalunce shi. Wanda bai gamsu da hukuncin ba yana da kwana 14 ya je kotu. Kuɗin safiyoyin duka a kanki yake a mafi yawan lokuta, tunda ke ke son aikin. Notis ɗin kuma shekara ɗaya yake yi, in ba a fara aiki ba sai a sake.

To a nan ne shirun maƙwabci ba ya tsayar da komai. Amma wannan dokar ba ta ba ki mallakar lof, ba ta kuma maye gurbin izinin mai firihol. Magina da yawa gidaje guda-guda suka saba yi, ba su san wahalar filat ba.

Maman_Hanif:
Na gode ƙwarai. Na ɗauko lis ɗin daga cikin fayil. Barista, ga abin da na fahimta. An ce namu ya haɗa da ɗakunan bene na farko da matakalar da ke hawa zuwa gare su, har zuwa katakan da silin ke manne da su. Can gaba kuma an ce rufi da tushen gini da bangon waje na mai firihol ne, mu biyu za mu riƙa raba kuɗin gyaransu. Ban ga inda aka ambaci lof da sunansa ba. Akwai kuma wurin da aka ce ba za a yi canji a ginin ba sai da izinin mai firihol a rubuce.

Barista_Rabi:
Ban ga takardar da idona ba, saboda haka ki kai wa lauyan da ya ƙware a harkar lis ya karanta ta duka. Amma yadda kika faɗa, alamu sun nuna lof ɗin ba ya cikin naki. Iyakarki katakan silin, abin da ke sama na firihol ne, wato na ku biyu.

Wannan magana ta izini a rubuce tana da daɗi ta wani ɓangare. Dokar masu gida da 'yan haya ta 1927, sashe na 19, ta ce in lis ya ce sai da izini, to ba za a hana izinin gyaran da zai inganta gida ba sai da dalili mai ma'ana. Matsalar ita ce wannan kariyar a kan abin da aka mallaka miki take aiki. Da bango za ki cire tsakanin kicin da falo, da dattijon sai ya kawo hujja. Amma shiga sararin da ba naki ba, babu dokar da ta tilasta masa ya sayar miki. Ko tsawaita lis ta hanyar doka kika yi, filat ɗin da kike da shi za a tsawaita, ba za a ƙara miki lof ba.

Hanyar ita ce a yi ciniki. Firihol ya sayar miki da sararin, a rubuta sabon lis ko takardar gyara lis da sabuwar taswira, a yi rajista, sannan a ba ki lasisin yin aikin. Sa hannun mutum biyu ake buƙata, na maigidanki da na dattijon. In akwai bashin banki a kan filat ɗin, bankin ma sai ya yarda.

Alhaji_Luton:
Barista, ni har yanzu ban gamsu ba. Rabin firihol nasu ne. In sun yi aikin, wa zai kai su ƙara? Tsoho ɗaya da ba ya ko amsa wasiƙa? Na san mutane a nan da suka yi, shekara da shekaru babu abin da ya faru.

Hajiya_Peckham:
Alhaji, kada ka jefa baiwar Allah cikin rami. Wata ƙawata ta yi irin wannan, mijinta ya ce ai ba mai hawa sama ya duba. An yi ɗaki mai kyau, har da banɗaki. Ranar da suka tashi sayarwa lauyan mai saye ya ɗora taswirar lis a kan hotunan dillali, ya ce wannan ɗakin na sama ba ya cikin abin da kuke da shi. Ciniki ya watse. Suka koma wajen mai firihol suna roƙo, shi kuma ya san ba su da mafita, ya yanka musu kuɗin da ya ga dama. Ta yi kuka a falona. Wanda ba ya amsa wasiƙarki yau, ranar da ya ga an kafa ƙarafa a jikin gida lauyansa zai amsa, kuma kotu tana iya tsayar da aikin rufinki yana buɗe.

Barista_Rabi:
Hajiya ta gama magana. Ƙari ga masu karantawa da ke zaune a manyan gine-gine masu filat da yawa: a 2020 kotun ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Duval da kamfanin 11-13 Randolph Crescent, wani gini a unguwar Maida Vale da ke Landan. Ta ce in lis ya haramta taɓa ginshiƙin gini kwata-kwata, kuma ya ba sauran masu filat damar su sa mai gida ya tilasta bin sharuɗɗa, to mai gidan ba shi da ikon ba wani izinin karya sharaɗin. Ma'ana ko mai firihol ya yarda, wani maƙwabcin yana iya tasowa. Na Maman Hanif da alama ba irin wannan haramcin ba ne, amma kowa ya karanta nasa.

Malam_Sani:
Jama'a, ina ganin mun yi nisa cikin doka mun bar mutumin. Akwai hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kada maƙwabci ya hana maƙwabcinsa kafa itace a jikin bangonsa. Amma mu Malikawa an karantar da mu cewa wannan kwaɗaitarwa ce, alƙali ba ya tilasta shi. Kuma littattafan fiƙihun da suka kawo wannan su suka hana ka buɗe tagar da za ka riƙa leƙen maƙwabcinka. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san rigimar da ake yi in wani ya ɗora bene tagarsa ta kalli tsakar gidan mutane.

Maman Hanif, lambun baya na waye? In na dattijon ne, sabuwar tagarki a kansa za ta kalla. Shekara nawa ya yi a gidan? Yana da lafiya? Shi kaɗai yake? Mutumin da yake wuni a gida, a ce masa za a yi wata biyu ko uku ana buga guduma a kansa, kuma babu abin da zai ƙaru da shi, ba lallai mugunta ce ta sa ya ƙi ba.

Maman_Hanif:
Malam, lambun nasa ne, kuma rayuwarsa ke nan. Wardi ya shuka a jikin katanga, da sassafe za ka gan shi da almakashi yana gyara su ko ana yayyafi. Matarsa ta rasu kafin mu tare. Yana da 'ya ɗaya da ke zuwa ƙarshen mako. Ba mu taɓa faɗa ba, sai dai yakan yi ƙorafin gudun yara da dare. Da salla ina aika masa abinci, yana karɓa.

Binta_E10:
To ga ƙofarki nan, 'yar. Ni da 'yar maƙwabciyata na daidaita. Tsofaffin nan takarda tsoro take ba su, suna ganin za a sa su sa hannu a kan abin da zai cuce su. Ki tare ta ranar Asabar, ki ce kuna so ku zauna ku huɗu, kuma za ku biya kuɗin lauyan da shi zai zaɓa da kansa ya duba masa komai. Wannan kalmar ita ta buɗe mini hanya.

Injiniya_Bello:
Kafin a je ga ciniki, a tabbata wurin ma zai yi ɗaki. Maigidan ya hau da tef ya auna daga saman katakan silin zuwa ƙarƙashin ƙololuwar rufi. In bai kai mita 2.2 ba akwai aiki, don sabon daɓe zai ci wani abu, rufin ma za a cusa masa abin tare sanyi. A gidan jere kansul ba ya cika yarda a ɗaga ƙololuwa, sai dai a sauke silin ɗin ɗakunanku, wanda ke nufin sai kun bar gidan lokacin aiki.

Sai matakala. Mutane suna mantawa da ita. Ana son tsayin mita 2 a samanta, a lof ana sassautawa zuwa 1.9 a tsakiya. In ba ta hau a kan tsohuwar matakala ba, za ta ci wani yanki na ɗaki. Na ga wanda ya kashe kuɗi don ya sami ɗaki na uku, ya wayi gari na biyun ya koma sito.

Na uku wuta. Gini mai hawa biyu zai koma hawa uku, ƙa'idojin gini za su nemi hanyar fita mai kariya tun daga sama har ƙofar waje: ƙofofi masu jure wuta minti 30, ƙararrawar hayaƙi da ke haɗe da lantarki. In ƙofar shiga ɗaya kuke amfani da ita da dattijon, mai yiwuwa a ce zauren da kuke tarayya da ƙofar filat ɗinsa ma sai an taɓa su. Kin ga ko ta nan sai an bi ta kansa. Kuma nauyin da za a ƙara a kan bangonsa zai sauka har tushe, saboda haka tsoronsa na tsagewar silin ba shirme ba ne. A nuna masa lissafin injiniya.

Ummi_Croydon:
Injiniya, sikafol fa, ƙarafan nan da ake kafawa magina su hau? Namu maginin ya ce dole a kafa ta baya.

Injiniya_Bello:
In za a fito da taga mai akwati ta baya, kusan dole ne. Ƙafafunsa kuma a lambun mai filat ɗin ƙasa za su sauka. Na gaba in ya taɓa hanyar masu tafiya a ƙasa sai an karɓi lasisi a kansul.

Safiyo_Musa:
Ƙarin bayani kan wannan. Dokar 1996 tana ba da damar shiga gidan maƙwabci da notis na kwana 14, amma don aikin da ya faɗa ƙarƙashin dokar kawai, ba don dukan aikin lof ba. Akwai wata dokar ta 1992 ta shiga filin maƙwabci, ita kuma don gyaran abin da ya lalace ce, ba don sabon gini ba. Wasu lis ɗin suna ba da damar shiga don gyara, ba don ƙari ba. A taƙaice, sikafol a kan wardin dattijon nan sai da yardarsa.

Kawu_Garba:
Ni fa duk wannan wahalar, da kuɗin nan gida aka kai. Abin da za a kashe a ɗaki ɗaya a Landan zai gina gida sukutum a Kano har da katanga da rijiyar burtsatse.

Maman_Hanif:
Kawu, gidan Kano ba zai raba wa yarana makwanci a daren yau ba. Nan suke karatu, nan muke aiki.

DanZazzau_Leeds:
Gaskiyarki. Da yawanmu mun gina gidaje a gida da ƙadangaru ke kwana a ciki, mu muna nan a matse. Amma Kawu yana da wata gaskiyar ta wani gefe: a yi lissafi. Kuɗin sayen lof, lauyoyi biyu, safiyoyi, mai zane, injiniya, kansul, sannan ginin kansa, da hayar wani wuri in aka ce ku tashi. A haɗa duka a gwada da kuɗin ƙaura zuwa gida mai ɗaki uku a ɗan nesa, Dagenham ko Romford misali.

AbuZainab:
Ni tambayata, nawa ake biya na lof ɗin? Akwai ƙa'ida?

Barista_Rabi:
Babu farashin doka. Abin da masu kimanta gidaje ke yi shi ne su duba darajar filat bayan aiki, su cire darajarsa ta yanzu da kuɗin aikin, abin da ya rage shi ne ribar, a kanta ake ciniki. Masu firihol sukan fara da neman rabi. A nan tunda rabin firihol na su Maman Hanif ne, kason dattijon kawai za su fitar. A samo mai kimantawa ɗan ƙungiyar ƙwararrun safiyoyi ta RICS, kada a yi da ka.

Amma ba kullum kuɗi ke sa mutum ya yarda ba. Yanzu rufin nan su biyu ke raba kuɗin gyaransa. In tsoho ne, dattijon yana zaune da fargabar ranar da za a ce ya kawo rabi. Aikin lof zai sabunta babban ɓangaren rufin. A ce masa daga yau rufi ya koma wuyan na sama, a rubuta a lis. Kason inshorar gini ma a gyara, tunda filat ɗin sama ya ƙara girma. Sannan tunda za a taɓa lis, a tsawaita na su biyun zuwa shekara 999 a lokaci guda, kuɗin lauya a kanku. Masu firihol na tarayya suna iya yi wa kansu haka. Wannan zai amfani 'yarsa ranar da gidan ya zama nata, kuma ita za ta gane darajarsa.

Alhaji_Luton:
Wato a biya shi, a gyara masa rufi, a biya masa lauya, don kawai ya ɗaga biro. Wannan ai cin amana ne da rana tsaka. Ni da na nemi izinin kansul tukuna, in ya fito in ajiye masa a gabansa ya san da gaske nake.

Binta_E10:
Alhaji, haƙƙinsa ne fa, ba kyauta yake roƙo ba. Kuma neman izinin ba a ɓoye yake ba. A fom ɗin sai ka tabbatar ka sanar da duk mai mallaka a ginin, kansul kuma za ta ba maƙwabta kwana 21 su faɗi ra'ayinsu. Ka ga mutumin da ka ce kana son zama da shi, sai ga takarda ta faɗo masa ta ƙofa. Ni a wurina wannan ya fi komai ɓata magana.

Injiniya_Bello:
Duka biyun akwai hujja. Ana iya neman izinin gini a kan abin da ba naka ba, hukunci yakan fito cikin mako 8, kuma izinin yana shekara 3. Ƙorafin maƙwabci a kansul sai ya shafi abin da suke dubawa, kamar leƙe, tare haske, ko siffar gini. Ƙura da hayaniyar lokacin aiki, ko cewa darajar gidana za ta faɗi, ba sa hana izini. Amma izinin kansul takarda ce kawai in babu sa hannun firihol. Kuma da zarar ya fito, darajar lof ɗin ta tabbata, mai sayarwa yana iya ƙara kuɗi. Shi ya sa wasu lauyoyi ke cewa a fara ƙulla yarjejeniya da sharaɗin in izini ya fito. A kuma duba ko titin yana cikin yankin da aka kare saboda tarihi, don can sharuɗɗan sun fi tsauri.

Hajiya_Peckham:
Wani abu da ba a faɗa ba. Duk rigimar da ta kai ga wasiƙun lauya ko ƙorafi a hukumance, ranar sayar da gida akwai fom ɗin da ake tambayar ko an taɓa saɓawa da maƙwabci, kuma dole a faɗi gaskiya. Saboda haka ko don wannan a bi a hankali. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, amma a gida ɗaya kuke, ƙofa ɗaya, bututun ruwa ɗaya.

Zinder_Newcastle:
Sannunku. Mu a nan akwai wani tsarin a tsofaffin filat na Tyneside, na sama yana riƙe da firihol na ƙasa, na ƙasa yana riƙe da na sama. Wato maƙwabcinka shi ne mai gidanka, kai ma kai ne nasa. Na so in yi lof, na ƙasa ya ƙi, na bi shi har na gaji, na haƙura. Gado mai hawa biyu muka sa wa maza a ɗaki ɗaya, muka yanke falo da bangon katako aka fitar wa yarinya ɗan ɗaki mai taga. Ba abin da na so ba ne, amma muna zaune lafiya, har yanzu muna gaisawa. Ina faɗa ne don a san wani lokaci a'a ɗin ba ta canzawa.

Maman_Hanif:
Wannan ita ce maganar da nake tsoro, amma gara da na ji ta. Maigidan ya hau ya auna, ya ce mita 2.4 ne a tsakiya, wurin dai zai yi. Mun ce wa mai zane ya dakata. Zan nemi 'yar ranar Asabar kamar yadda Anti Binta ta ce. Barista, akwai inda zan fara jin shawara kafin in ɗauki lauya? Kuɗin da muka tara na ginin ne, ba na so ya ƙare a takardu.

Barista_Rabi:
Akwai Leasehold Advisory Service, gwamnati ke ɗaukar nauyinsu, shawarar farko kyauta ce ga masu lis a Ingila da Wales. Ki riƙe lis ɗin a hannu lokacin da za ki yi magana da su. Ki kuma ciro rajistar firihol ɗin a Land Registry ki tabbatar sunayen da ke kai, don wani lokaci sunan matar da ta rasu ko na wanda ya sayar muku yana nan ba a cire ba, sai an gyara wannan kafin kowa ya sa hannu a kan komai.

Malam_Sani:
In kun zauna, a bar shi ya fara faɗin abin da ke damunsa kafin a kawo maganar kuɗi. A gaya masa awannin aiki, galibin kansul na Landan 8 na safe zuwa 6 na yamma ne, Asabar zuwa 1 na rana, Lahadi babu. In tagar ce damuwarsa, a tambayi mai zane ko tagogin da ke kwance a jikin rufi za su wadatar, su sama suke kallo.

Injiniya_Bello:
Malam, da 2.4 za su iya wadatarwa ga ɗakin yaro, amma banɗaki da kan matakala zai yi wuya ba tare da an fito da akwatin ba. Sai an ga faɗin gidan.

Alhaji_Luton:
Ni dai ina nan a kan bakana, a sa masa wa'adi. In an bar shi zai ja ku shekara biyu yara suna girma.

AbuZainab:
Barista, ni nawa lis ɗin na duba yanzu, ya ce rufi da abin da ke ƙarƙashinsa duk nawa ne, amma mai firihol wani kamfani ne da ban taɓa gani ba, ta wakili muke magana. Ni ma sai na biya su kafin in fara?